Ganyen Darbejiya a Kan Tasalla

Jidda,
Farkon watan Sha'aban.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Maijidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inno da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar Inno? Autanmu Salim fa, bakinsa ya fara sakewa da Hausa, ko har yanzu in an yi masa magana sai ya amsa da Larabci yana sosa ƙeya? Ni ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali shekaranjiya muka yi waya. To, a wayar ne na kasa. Muryata ba ta taɓa rufa mini asiri a wurinki ba, da na fara za ki ce mene ne, ni kuma ba na son ki ji dattijo yana haɗiyar yawu a kan mota. Shi ya sa na rubuta, zan ba wani ɗan garinmu da ya zo Umara ya kawo miki.

Maijidda, an ja Tasalla.

Ƙwarai, farar motarmu Karasida, wadda ke da bakinki kika raɗa mata suna saboda a jajiberin ƙaramar salla marigayi Hamad, kafilina na farko, wato ubangidan da nake yi wa tuƙi, ya sayo ta fil a leda ya miƙa mini makulli. Kin san tun bara giyarta take wasa da ni. A watan Rajab ta ƙi shiga gaba ɗaya. Na samu mutane muka tura ta bakin titi a sabuwar unguwar nan da na koma bayan an rushe tsohuwar unguwarmu Karantina, na ce in na samu sarari in kira bakanike. Sai na yi abin da muka saba. Na karyo rassan darbejiya, na ɗora wani a kan gilashin gaba, wani a bayanta, na kama gabana hankali kwance.

Ke shaida ce, a Karantina ganyen nan takarda ce mai hatimi. Duk wanda ya ga mota da ɗanyen ganye ya san ta lalace ne, mai ita na nan, yana tafe. Mutumin Kano ya sani, na Damagaram ya sani, Babarbare da mutumin Chadi duk sun sani, har Yamalawan da ke sayar da burodi a bakin layinmu sun koya. Motar mutum takan yi wata biyu a lungu babu mai taɓa ta sai yara da kuliyoyi. Na manta shaf cewa masu karanta wannan rubutu sun watse. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni kuwa na yi nawa a unguwar da babu mai jin yaren.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, aikin kayan azumi ya taso mana a sito, can unguwar masana'antu. Shinkafa, mai, dabino, tirela na fita tirela na shiga, har ya zama a can nake kwana. Sai na bar wa Muntaka amana, wato mutumin Gusau ɗin nan da muke haya ɗaki ɗaya, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a gida kafin ya zo nan bara. Na ce masa in ganyen ya bushe ya sake ɗanye. Bawan Allah ya riƙe amana har ta yi yawa. Ba ya cire busasshen, sai dai ya ƙara sabo a kai, har Tasalla ta koma kamar rumfar mai kayan miya. Maƙwabta suka ɗauka juji muke haɗa musu a ƙofar gida, wani ya kira baladiyya, wato hukumar gari. Suka zo suka manna jar takardar gargaɗi a gilashi cewa mai ita ya ɗauke ta. Muntaka bai iya karanta Larabci ba, ya zaci tallar masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, ya samo wani lafcecen reshe ya rufe ta ruf don kada ta ɓata wa motar gani.

Ranar Juma'a na dawo da bakanike a bayana. Babu Tasalla, sai busasshen ganye a ƙasa da tabon baƙin mai. Na tsaya ina kallon tabon nan kamar zai yi mini bayani. Wallahi ranar da katafila ta shiga layinmu ban ji abin da na ji a ƙirjina ran nan ba, don lokacin ina da abin da zan loda kayanmu a ciki in bar wurin.

Gobe zan fara nemanta. An ce akwai wa'adi, in ya cika ba a zo an karɓa ba sai su haɗa ta da sauran a murƙushe. Ki taya ni da addu'a, kuma kada ki gaya wa Hafsa tukuna, kin san 'yarki da kuka.

Ki gaida Inno da kyau.

Naki har kullum,
Abdulbaƙi.

Jidda,
Ƙarshen Sha'aban.

Maijidda tawa,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kuna ta shirin azumi. An surfa geron kunu? Saƙonki na murya ya iso, na saurara har sau nawa. Na ji dariyar da kika yi wa Muntaka, na kuma ji inda dariyar ta tsaya. Ba sai kin faɗa ba.

Na gano inda take. Wani makeken fili ne a bayan gari, an kewaye shi da waya, nan suke tsare motocin da aka ja. Muntaka ya ce lallai sai ya raka ni, tunda da hannunsa a ciki, kuma a cewarsa babu jihar da ba a taɓa jan motarsa ba a Najeriya, don haka shi malami ne a wannan fanni. Tun daga gida har muka isa yana ba ni karatu. Wai a Legas kafin ka rufe ƙofa janwe ya ɗaga ta, kuɗin ja daban, kuɗin kwana daban, in ka yi gardama kwanan ya ƙaru. Wai a Abuja sai dai ka tsaya gaban alƙali a ƙarƙashin rumfa. Wai a Kano kuwa babu abin da ya kai ka tafi da dattijo mai furfura ya ce a yi haƙuri, ɗa ne, ba zai sake ba. Na ce masa to ni ne dattijon, ni ne kuma mai laifin, wa zai ba da haƙurin? Da muka kusa sai na ga yana lalube a aljihu, wai ko za a ba na bakin ƙofa na shan shayi. Na damƙe hannunsa na ce ya rufa mini asiri, nan ba can ba ce, garin gyaran gira kada mu rasa ido, a haɗa da iƙamarmu, takardar izinin zamanmu a ƙasar.

Ma'aikacin da muka samu yaro ne mai ladabi, sa'an Hafsa. Ya kira ni Ammi, wato baffa da Larabci, ya ba ni kujera. Ya juyo mini na'urarsa ya nuna mini hoton da suka ɗauka kafin su ja ta, ga jar takarda tana leƙowa ta ƙarƙashin ganye. Ya tambaye ni, tsakaninsa da Allah, ganyen nan na mene ne, ko wani magani ne na mutanenmu? Na buɗe baki zan yi masa bayani na ga abin zai yi tsawo, sai na ce al'ada ce kawai.

Ya karanta mini haƙƙoƙin mai mota dalla-dalla. Yana da ikon ganin hujjar da aka ja ta, yana da ikon ƙorafi in yana ganin an zalunce shi, yana da ikon kwashe kayansa na ciki, yana da ikon biyan tara da kuɗin ja ya tafi da abarsa. Ina ta gyaɗa kai, raina ya fara sanyi. Sai ya nemi istimara, takardar mallakar mota. Ya duba ta, ya duba iƙamata, ya ce duk wannan na Hamad ne, ba na Abdulbaƙi ba.

Kin tuna ranar da Hamad ya ba ni ita? Ya sayi sabuwa, ya kira ni tsakar gida ya ce wannan taka ce, halas, kai ka san ciwonta. Na ce a je a canza suna, ya ce tsakanina da kai sai takarda? Kowace shekara shi yake sabunta komai ya aiko mini. Da ya rasu takardun suka tsaya inda suka tsaya, ni kuma kunyar 'ya'yansa ta hana ni tayar da maganar mota a kan makoki, daga baya kuma abin ya shige. Ashe shekarun nan duka a idon doka aron mota nake yi. Yaron ya ce sai magada sun zo, ko wanda suka wakilta.

Ciki ma ba su bar ni na shiga ba. Na zagaya ta bayan waya ina leƙe har na hango ta tsakanin wata motar ɗaukar ruwa da wata ƙonanniya. Ta yi futu-futu, taya ɗaya ta sace, ta karkata gefe kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Maijidda, motar da ta kai rabin matan layinmu asibiti haihuwa! Motar da muke cusa mutum tara a ciki ranar Alhamis mu tafi bakin teku, ke da fulas ɗin shayi a cinya, Hafsa na rigima sai ta zauna kusa da taga. Kin tuna shekarar da na ɗauko ragon layya a kujerar baya ya cinye miki gefen mayafi? Kin tuna yadda in na shigo layi da yamma, ƙamshin tsiren Malam Muslim na tashi, yara ke bin ta a guje don sun san akwai alawa a aljihun gaba? Duk wannan na tsaya na gani ta ramin waya.

Na samu lambar Mazen, babban ɗan marigayi, yana Riyad yanzu. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambaye ki. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai ya yi 'yar dariya, ya ce wannan ai ƙarfe ce kawai, in bar ta, zai aiko mini da abin da ya fi kuɗinta. Ban ga laifinsa ba, alheri ya nufa. Na yi godiya na ce ya bar shi. Yaya zan yi masa bayanin cewa ba so nake a biya ni ba, so nake kada a murƙushe ta a cikin baƙi kamar marar gata?

Wa'adin na ta matsowa. Allah Ya sa mu ga watan lafiya.

Mijinki,
Abdulbaƙi.

Jidda,
Tsakiyar Ramadan.

Uwargida sarautar mata,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada? Ina fata Inno ba ta matsa wa kanta da azumin nan, ki tuna mata Allah Ya yi rangwame.

Wannan gajeriya ce, mai tafiyar yana jirana a ƙofa. Albishirinki. Tahani ta kira ni! 'Yar marigayi, wadda nake kaiwa firamare tana barci a kujerar baya da kitso biyu, wadda kike dafa wa ɗanwake a ɓoye don uwarta ta ce yaji zai ɓata mata ciki. Yanzu shugabar makaranta ce, da kanta take tuƙa motarta. Mazen ne ya ba ta labari a matsayin abin dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ashe wakilcin magada duka a hannunta yake.

Ta zo filin da kanta, da azumi a bakinta, cikin ranar nan. Ta gaishe ni da guntuwar Hausar da ta koya a wurinki, har yanzu ba ta manta "ina wuni" ba, ko da yake da safe ta faɗa. Ta sa hannu inda ake sawa, ta biya abin da ake biya, na tambaye ta nawa ne ta ce in bar wannan maganar. Da aka buɗe mana muka isa wurin motar, sai ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna cikin ƙurar nan da baƙar abayarta. Ta daɗe ba ta fito ba, ni kuma na juya baya na ba ta wuri.

Sun ce bayan salla in zo da motar ɗauka in tafi da ita. Ba za a bar ta ta hau titi ba sai ta ci gwajin lafiyar mota an sabunta takardu da sunana, kuma in aka sake ganinta a yashe a bakin hanya za a sake ja. Na ce na ji, na kuma tuba da ganye. Yau kam zan sha ruwa da daɗin rai. Yanzu kina iya gaya wa Hafsa.

Naki,
Abdulbaƙi.

Jidda,
Watan Shawwal.

Zuwa ga Maijidda, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata kun yi salla lafiya, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Na ga hoton Salim da babbar riga, ya yi kyau, sai dai ku koya masa naɗa hannunta, ya riƙe ta kamar wanda aka ba ajiya. Ki gaida Inno, ki ce na ji saƙon addu'arta.

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na je ɗauko ta kamar yadda aka yi alkawari. Na yi hayar saɗaha, irin janwen nan nasu mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora mota a kai, direbanta wani Basudane ne mai sanyin hali. Na tafi da Muntaka, da kuma bakanike don ya ga abin da za a saya. Da aka fara jan ta sama, gabanta ya ɗaga, sai muka ga cikinta. Maijidda, iskar tekun garin nan ta gama da ita tun tuni. Ƙarfen ƙasan duk ya zama tsatsa, bakanike ya sa yatsa ya danna sai ga rami. Ya ce ko an sa mata sabuwar giya babu inda za ta ci gwaji, kuma shi ba zai yarda ya ga na ɗauki 'ya'yan mutane a cikinta ba. Ashe ta daɗe tana ɗauke da mu a kan haƙuri, fentin sama ne kawai yake rufa mata asiri.

Na kira Tahani. Ta ce duk abin da na yanke shi ke nan, motata ce, ta faɗa ta kuma maimaita. A bene take zaune, ba ta da inda za ta ajiye ta, ni ma ɗakin haya ne da bakin titi. Na zauna a inuwar saɗahar nan na yi ta tunani har direban ya fara duba agogo. Daga ƙarshe na ce a cire lambarta a mayar wa hukuma, mu kai ta tashlihi, wurin da ake kwance tsofaffin motoci a sayar da abin da ya rage. Na ce in dai rabuwa ce, gara in kai ta da hannuna.

Na roƙi direban alfarma ɗaya, ya bi da mu ta Karantina. Ba hanyarmu ba ce, amma bai musa ba, ya ce yalla, wato mu je. Tun da aka tashe mu ban taɓa komawa ba, kullum sai in kewaye. Muka isa, ina gaba kusa da shi, Tasalla na bayanmu a sama tana kallon ko'ina. Fili ne fetal, Maijidda, iya ganinki. Ya rage gudu ya ce in nuna masa inda gidanmu yake ya tsaya. Na duba gabas na duba yamma. Na nemi kwanar mai burodi, na nemi inda famfon layinmu yake, na nemi bishiyar da kuke zama ku tsinci shinkafa ke da maƙwabta. Ni da nake shiga lungunan nan da baya ba tare da na goga bango ba, na kasa cewa ga wurin. Na nuna masa wani waje kawai don kada in ji kunya, ya tsaya, sannan na ce mu tafi.

A tashlihin aka sauke ta a bakin ƙofa. Mai wurin ya zagaya ta, ya faɗi abin da zai bayar, ban yi ciniki ba. Ya ce yaransa za su ja ta da ƙugiya zuwa layin da ake jira. Na ce a'a, su dai tura, ni zan riƙe sitiyari. Na shiga na zauna. Kujerar nan har yanzu da ramin jikina a cikinta. Muntaka da Basudanen da wasu mutum biyu suka sa hannu, ta motsa a hankali, tayar da ta sace tana ɗingishi. Na bi da ita tsakanin gawarwakin motoci, na samu gurbi, na daidaita ta tsaf yadda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Na ja birkin hannu. Na ɗaga gilasai duka huɗu don kada ƙura ta shiga. Na fito na kulle ƙofa, na zagaya ina taɓa kowace ƙofa in tabbatar ta kullu, kamar yadda nake yi kowace rana tun kina amarya.

Sai da na gama na lura duk sun tsaya suna kallona, babu wanda ya yi dariya. Na je wurin mai tashlihin na miƙa masa makulli. Ya dubi hannuna, ya girgiza kai, ya ce in riƙe abina, su nan ba sa buɗe mota da makulli.

Yana aljihuna yanzu da nake rubuta miki. Ɗazu da aka kira la'asar na tashi zan fita, na ji hannuna ya kai kan makullin da kansa.

Ki yi mini addu'a, ki gaida yara. Wassalam.

Mijinki mai kewarki,
Abdulbaƙi.